Tulunan Fure a Jeren Hansatu

Malumfashi, Jihar Kaduna
14 ga Nuwamba, 1985

Takarda ta fito daga hannun Malam Aƙilu Sanda, zuwa ga ƙanwarsa kuma taubashiyarsa Hajiya Rabi'atu, iyalin Alhaji Shitu mai goro, Sabo, Badun.

Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Alhaji da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya muke, sai dai ƙafar Kande mai ɗakina wadda takan motsa idan sanyi ya kawo kai. Auduga ta yi kyau bana, mun fara tsinka.

Kafin na shiga magana, ina so ki sa a duba maki rubutun nan da kyau. Hannuna ne, ba na malamin nan da ke zama a bakin gidan waya ba. Na kammala ajin yaƙi da jahilci, an kuma ba ni takardar shaida a gaban jama'a, ni ne na biyu cikin dattawan ajinmu. Malaminmu ya koya mana cewa abin da aka faɗa da baki ana iya musunsa gobe, amma abin da aka rubuta ya zauna ke nan. Saboda haka daga yau duk wata muhimmiyar magana tsakanina da dangi a rubuce nake son ta.

Bayan haka, ina sanar da ke cewa Hansatu, wadda kika haifa kika ba mu riƙo tun daga yaye, ta sami miji. Sunansa Abdussamad, malamin gona ne a Mahuta. Shi ne ya zo ya nuna mana yadda ake feshin auduga bara, a nan ya gan ta tana ɗinki a zaure. Na tambaye ta har sau biyu, ta sunkuyar da kai tana murmushi, Kande kuma ta tabbatar mani da cewa ita ma tana so. Magabatansa sun zo, an sa rana bayan an gama cinikin auduga, kafin azumi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara biyu ke nan ina tara wasu kayayyaki daga kantin Romanus, Inyamurin nan haihuwar Funtua wanda ke kusa da tashar jirgi. Shi yana kiransu da wani suna na Turanci, ni kuwa tulunan fure nake ce masu. Na tangaran ne da na gilashi, daga ƙasashen waje ake kawo su, kuma ba su yi kama da wani abu da kika taɓa gani ba. Akwai wanda aka yi shi hawa-hawa kamar matakalar bene, baƙi da fari. Akwai rawaya mai hannu ɗaya a gefe, ɗaya gefen babu, kuma da gangan aka yi shi haka. Akwai na gilashi shuɗi mai dogon wuya, a karkace yake kamar mai leƙen katanga, idan rana ta shigo ta taga sai ki ga shuɗin ya kwanta a bango. Na sa kafinta ya kafa mani kanta a zaure na jera su. Abokan zamana suna tsokanata wai na yi jeren maza. Ba na kula su, domin na lura duk wanda ya shigo sai ya yi shiru tukuna ya kalla kafin ya yi dariyar.

Ina ganin zamani ya sake, kuma ɗakin matar ma'aikaci ya kamata ya nuna haka. Mene ne ra'ayinki game da jeren ɗakin Hansatu? Ki ba ni amsa a rubuce.

Haza wassalam. Ni ne yayanki,
Malam Aƙilu Sanda

*

Sabo, Badun
6 ga Disamba, 1985

Zuwa ga Yaya Aƙilu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarka ta iso, mun ji lafiyarku, mun gode Allah. Mu ma lafiya, Alhaji ya yi fama da zazzaɓi amma ya tashi, har ya koma rumfa. A gai da Yaya Kande, a ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi.

Maƙwabciyata Silifat ce ke rubuta mani, ita ma a Funtua aka haife ta, ta ce ta san kantin Romanus tun yana na ubansa. Ashe tsoho ya shiga aji! Silifat ta ce rubutunka kamar sawun kaji a bakin rijiya, amma dai ana karantawa. Na biyu a aji, to ku nawa ne, ku biyu? Allah ya ƙara basira. Sai dai ka sani ko ka zama alƙali ni ban daina tuna ranar da jakin Kawu ya kayar da kai a cikin kwata ba.

Tulunanka kuwa, tulun da ba ya ɗaukar ruwa, mai hannu ɗaya, mai karkataccen wuya, a wurinmu ai wannan shi maginiya ke ba yara su yi wasa. Amma tunda kana so, Allah ya bar ka da su.

Batun yarinyar nan, ni me ya haɗa ni da shi har ake tambayata? Ɗiyarku ce, kai da Yaya Kande. Duk abin da ke gidan nan naku ne, ka yi yadda ka ga ya dace, ba ni da ta cewa. Allah ya sa alheri, ya kai mu lokacin.

Taka,
Rabi'atu

*

Sabo, Badun
3 ga Janairu, 1986

Zuwa ga Yaya Aƙilu, ta hannun Mudi direban motar goro.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Motar Alhaji za ta tashi Funtua da goro, shi ya sa na ce bari in ba Mudi wannan, ya fi gidan waya sauri. Ga ƙwarya ɗaya ta farin goro nan, a raba wa dattawan unguwa.

Ba wata magana ba ce, tunawa na yi. Ka gaya wa Yaya Kande tasoshin Inna da ke cikin adaka a ƙarƙashin gadonta, ta fito da su su sha iska. Na san sun yi baƙi. A jiƙa tsamiya a haɗa da toka a dirje su, za ta ga sun dawo kamar jiya aka ƙero su. Kada a sa masu yashi.

Kai namiji ne, wataƙila ba a taɓa ba ka labarinsu ba. Kakarmu ce ta zo da su daga Bida a bayan jaki. Da su aka yi wa Inna jere, da su aka yi mani. Da za mu taho Badun na so in ɗauko su, Inna ta hana, ta ce ba za su ƙetare kogin Kwara ba, su zauna a gida su jira mai su. Akwai ƙaramar cikinsu mai lotsattsen murfi, ni na yar da ita ina ƙarama, na sha duka a kanta. A cikinta ake kai wa uwar miji abinci ranar da amarya ta fara girki. A gidanmu uwar miji takan san tasar kafin ta san hannun amaryar.

Ni dai na faɗa ne kawai don kada tagulla ta lalace a ajiye. Ku ne masu ɗiya, ku kuka san abin da za ku yi.

A gai da kowa da kowa, har da tulunanka.

Taka,
Rabi'atu

*

Malumfashi
19 ga Janairu, 1986

Takarda ta fito daga hannun Malam Aƙilu Sanda, zuwa ga ƙanwarsa Hajiya Rabi'atu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Alhaji da yara, mu nan kalau muke. An auna audugarmu, ta shiga lamba ɗaya. Game da tambayarki, mu goma sha bakwai ne a aji, ba biyu ba. Maganar jaki kuma ba ta dace da takarda ba.

Tun wasiƙarki ta watan Disamba ban sake ji daga gare ki ba, na kuma ɗauki shirun a matsayin kina nan a kan bakanki. Kin rubuta cewa: "Duk abin da ke gidan nan naku ne, ka yi yadda ka ga ya dace, ba ni da ta cewa." Na karanta wannan layi har na haddace shi, kuma na gode da wannan amana. Ina farin cikin sanar da ke cewa na sauke ta.

Da kuɗin auduga na yi wa Hansatu gado da katifa da kabad mai ƙofar gilashi, da 'yan kwanukan girki daidai bukata. Sai na tsaya ina tunanin abin da za a jera a cikin kabad ɗin. Na sa Kande ta buɗe adakar marigayiya Gwaggo Hurera, mahaifiyarki, na ga tsofaffin tasoshin nan sun yi baƙi ƙirin, har ɗaya murfinta a lotse. Na ce a raina, yarinyar da ta yi firamare, za ta auri ma'aikaci, abokan aikinsa za su shigo da matansu, bai kamata su tarar da kayan zamanin jaki ba.

Ba zan ɓoye maki ba, Kande ta yi gardama. Ta ce, "Malam, ka fa san maganar uwa a kan 'yar fari. Ko sunanta ba ta faɗa, ta yaya za ta ce ga abin da take so?" Na bayyana mata cewa wannan kunya ta baki ce, wadda ake yi ido da ido a sunkuyar da kai. Amma wannan takarda ce, an zauna an yi tunani kafin a rubuta, ga kuma Silifat shaida. Ta ce to, ta fita. Ba ta yi karatu ba, ban ga laifinta ba.

Ranar Litinin na ɗauki tasoshin na kai Funtua. Romanus ya daɗe yana juya su. Ya tambaye ni ko matan gida sun sani, na ce sun sani. Ya sake tambaya ko mai su ta yarda, sai na zaro wasiƙarki na nuna masa layin da yatsana. Daga nan muka yi musaya, ya ba ni sababbin tuluna guda shida da suka iso masa kwanan nan.

Da kin gan su, Rabi'atu! Akwai jan tangaran mai ƙafa uku, kowace ƙafa da launinta. Akwai fari mai ɗigo-ɗigon baƙi kamar zabuwa, bakinsa a yanke a gicciye. Akwai na gilashi kore wanda aka hura iska a cikin jikinsa ta tsaya ƙwaya-ƙwaya, kamar ruwa ya fara tafasa aka ce masa tsaya. Romanus ya ce masu yin su sun gaji ne da yin abu a miƙe, suka ce ido ma yana da hakkinsa. Wannan magana ta shige ni ƙwarai. Na yi shekara hamsin ina noma a kan layi, ban san mutum yana iya karkata abu da gangan ya yi kyau ba sai a kansu.

Ban tsaya nan ba. Na sauko da nawa na zaure gaba ɗaya, har da shuɗin nan mai dogon wuya wanda na fi so, na haɗa mata. Kantata yanzu babu komai a kai, kuma ban yi baƙin ciki ba. Na gwada jerin a cikin kabad: dogaye a baya, gajeru a gaba, na gilashi a ɓangaren da haske zai fito, kuma ba a haɗa launi ɗaya wuri ɗaya. Na kira Hansatu ta gani. Ta ɗauki shuɗin ta goge shi da bakin gyalenta ta mayar. Na fahimci ta yi murna.

A duk ƙasar Mahuta ba za a sami ɗaki irin wannan ba. Ina so ki ji daɗi cewa amanarki tana hannun wanda ya san darajarta.

Haza wassalam. Yayanki,
Malam Aƙilu Sanda

*

Malumfashi
11 ga Fabrairu, 1986

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi'atu.

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu nan da sauƙi. Ni ne dai ba na jin daɗin abinci kwanan nan.

Mudi ya iso shekaranjiya. Motarsa ta lalace a Mokwa, ya zauna jiran wani ƙarfe daga Kaduna, goron ma rabi ya bushe. Ya miƙo mani takardarki ta uku ga Janairu duk ta yi maiƙo a aljihunsa. Na karanta a tsaye a ƙofar gida, na shiga zaure na zauna na sake karantawa. Na san zuwa yanzu tawa ta sha tara ga wata ta riga ta isa hannunki.

Washegari da sassafe na hau motar Funtua da tulunan nan duka a cikin kwali, na shimfiɗa masu auduga. Na ce wa Romanus ya karɓi nasa shida, ya haɗa da nawa na shekara biyu, ya ba ni tasoshin, ko da ƙaramar kaɗai. Mutumin nan bai yi mani wulaƙanci ba. Ya ba ni kujera, ya ce tun a makon da na kawo su ya aika wa wansa Chukwuma a Ikko, wanda ke da kanti inda Turawa ke sayen tsofaffin kayan tagulla. Na tambaye shi me suke yi da su, ya ce jerawa suke yi a ɗakunansu, kuma baƙin nan da lotsawar su ne abin da suka fi so. Ya rufe kantinsa, muka tafi gidan waya tare, ya yi ta fama har ya sami wansa a tarho. Ina tsaye a gefe ina jin suna yarensu. Da ya ajiye sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Sun shiga jirgi."

Na dawo da kwalina kamar yadda na tafi da shi.

Yanzu ina so in yi magana bisa tsari, domin kada a ɗora mani abin da ba nawa ba ni kaɗai. Na tambaye ki a rubuce, kin amsa a rubuce. Ban ƙara harafi ko ɗaya a kan maganarki ba, takardar tana nan ana iya dubawa. Ko a wasiƙarki ta biyu ma ba ki ce a yi wa Hansatu jere da su ba, cewa kika yi a wanke su don kada su lalace. Me ya hana ki rubuta abin da kike so a fili, alhali babu mai ganin fuskarki? Wannan tambaya ita ke hana ni sukuni, domin duk lokacin da na yi wa kaina ita sai in ji kamar na san amsar tun kafin in shiga aji.

Maganar ta riga ta fita gari. Gwaggon Abdussamad, wadda za ta jagoranci mata zuwa ganin ɗaki, ta aiko wa Kande cewa tana ɗokin sake ganin tasoshin gidan Hurera, wai tana cikin waɗanda suka gan su a ɗakinki ranar naki jeren. Kande ta isar mani da saƙon, ba ta ƙara komai a kai ba. Tsakanina da ita yanzu gaisuwa ce da ajiye abinci. Hansatu tana ɗinkinta. Jiya na ji ta tambayi Kande a cikin me za ta kai wa uwar mijinta abinci, ban tsaya jin amsar ba.

Na je wurin maƙeran farin ƙarfe, sun ce za su iya ƙera sababbi, amma duk tsohuwar da ta ɗaga za ta gane. Biki saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ki gaya mani abin da zan yi.

Yayanki,
Aƙilu

*

Sabo, Badun
2 ga Maris, 1986

Zuwa ga Malam Aƙilu Sanda.

Bayan gaisuwa, takardunka biyu sun iso. Muna lafiya.

Ka tambayi abin da ya hana ni faɗa a fili. A gidanku na girma rabin ƙuruciyata. Ka ga Inna tana kau da kai idan an ambaci yayana na fari, har ta rasu ba ta kira sunansa ba, kuma ka san wanda ta fi tashi tsakar dare a kansa idan ba shi da lafiya. Ka ga ranar da na kawo yarinyar nan na ajiye a cinyar Yaya Kande na juya ban waiwaya ba, kai ne ka raka ni tasha, ka ga abin da na yi da motar ta tashi. Takarda ba ta cire wa mutum kunya, Malam. A gaban Silifat nake faɗa, kuma na san a zaure za ka karanta.

Tunda a fili kake so, to ga shi. Hansatu ɗiyata ce. Tasoshin na Hansatu ne. Shekara goma sha tara ina kwana ina tashi da ranar da za a jera mata su, shi ne kaɗai abin da zan yi mata da hannuna wanda ba wanda zai ce na yi rashin kunya.

Na sauke jeren ɗakina. Kwanukana da fantekokina duk na ɗaure su, bangon ɗakina yanzu fayau yake kamar na wadda aka saka. Alhaji ya yi faɗa, daga baya ya yi shiru. Zan taho da su da kaina, ni zan yi jeren. Mata za su yi magana a kan uwar da ta zo ta tsaya a ɗakin 'yar fari, su yi. Kada ka sa maƙera su ƙera komai. Tulunanka ka mayar da su zaure.

Rabi'atu

Malam, ni ce Silifat na ƙara wannan, ba ta sani ba. Da muka zo wurin sunan sai da ta tashi ta rufe ƙofa, ta daɗe a zaune kafin ta faɗa. Ni na san sunan, na ce ta bari in rubuta kawai, ta ce a'a, sai ya fito daga bakinta.

*

Malumfashi
20 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga ƙanwata kuma taubashiyata Rabi'atu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa gida lafiya, kin tarar da Alhaji da yara lafiya. Mu nan lafiya. An yi yayyafin farko, mun fara sharar gona. Wata guda ke nan da tafiyarki ban ji daga gare ki ba. Na tambayi Mudi, ya ce ba a ba shi komai ba.

Kwanakin da kika yi a gidan nan kin gaishe ni kowace safiya a durƙushe, kina ce mani Malam, kamar baƙuwar da ta zo daga wata unguwa. Na yi ta jira ki tsokane ni ko sau ɗaya. Da na raka ki tasha na shirya magana mai tsawo, sai kika ce a gai da gida, kika shiga mota.

Abin da ya faru a ɗakin amarya ke kika gani da idonki, ni a bakin Kande na ji, domin ta fara yi mani magana kaɗan-kaɗan. Ta ce jere ya yi kyau, kwanukanki sun cika kabad har sun hau bango. Ta ce gwaggon ango ta bi su da ido daga sama har ƙasa, sannan ta tambayi ina ƙaramar tasar Hurera, ke kuma kika ce tana inda Allah ya kai ta. Ta ce a kwanon sha na fenti aka kai wa uwar miji abinci, ta karɓa ta sa albarka, amma ta juya murfin tana dubawa. Ban san ko haka aka yi ba, ko Kande ta rage mani wani abu.

Tulunan suna zaure a kan kanta kamar yadda kika ce. Ba zan yi maki ƙarya in ce na daina ganin kyansu ba. Sai dai yanzu nakan zauna in ba su baya. Abokan zamana sun daina cewa jeren maza, kuma shirun nasu ya fi tsokanar ciwo.

Akwai abin da ba ki sani ba, shi ne dalilin wannan takarda. Ana gobe za a kai ta, Hansatu ta same ni a zaure ta roƙi abu biyu. Na farko shuɗin tulun nan mai karkataccen wuya. Na ce mata ke kin ce a bar su a nan, ta ce wannan ɗaya dai, ai ni na riga na ba ta shi, kuma za ta ajiye shi a bayan gado inda mata ba za su gani ba. Na biyu, ta ce Kande ta gaya mata akwai takardarki da aka rubuta sunanta a ciki, ita take so. Na yi jinkiri, domin takardar ba ta yi mani daɗi ba, kuma ina adana duk wasiƙuna. Amma na ɗauko na ba ta.

Makon jiya na je Mahuta ganin ɗaki. Suna lafiya, Abdussamad yaron kirki ne, ta yi ƙiba kaɗan. Ta fito da tulun daga bayan gado ta ɗora a taga. Ta zaro takardarki daga ƙarƙashin matashi, duk ta yi laushi saboda buɗewa da ninkewa, ta nuna mani layin da yatsa kamar yadda na nuna wa Romanus nawa. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba, ko a bikin nan "ke" kike ce mata. Daga nan ta naɗe takardar siriri ta kai bakin tulun. Na ce ta dakata, wuyan ya yi ƙanƙanta, idan ta shiga ba za ta sake fitowa ba sai an fasa shi. Ta ce, "Na sani, Baba." Ta sake ta. Muna zaune muna ganinta ta cikin gilashin, ta warware kaɗan a ƙasa, rana ta mayar da ita shuɗiya.

Tasoshin Gwaggo ba za su dawo ba, kuma ɗakinki babu jere. Na sa Kande ta fara tara maki kwanuka ɗaya bayan ɗaya, ita ke zaɓa, ni ba na sa baki. Wannan karon ban tambaye ki ra'ayinki ba, kuma ba na neman ki rubuta cewa kin yafe.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan Allah ya sa za ki amsa, ki sa Silifat ta duba rubutun nan ta gaya maki ko har yanzu sawun kaji ne. Maganar jakin ma, na sake tunani, ana iya sa ta a takarda.

Yayanki,
Aƙilu